MARIGAYI MAI SHARI'A MUHAMMAD BELLO, BABBAN JOJIN NIJERIYA NA FARKO DAGA AREWA

A wannan fitowa ta mujallarmu na ga ya dace in kawo mana tarihin wani bawan Allah wanda da yawa daga cikinmu sunansa kawai muka sani, shi ma don an sa mu haddace jerin Manyan Jojin ƙasa a darasin Gwamnati. Wannan mutum kuwa shi ne Mai Shari'a Muhammad Bello, Bakatsine, wanda ya riƙe muƙamin Babban Jojin Nijeriya daga 1987 zuwa 1995, kuma shi ne ɗan Arewa na farko da ya hau wannan kujera. Kada mai karatu ya rikita shi da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ɗan Shehu, ko da Sardauna Ahmadu Bello. Suna ne kawai ya zo ɗaya.

Abin da ya sa na zaɓe shi shi ne, mutum ne wanda ya kauce wa siyasa tun yana saurayi, a zamanin da takardar lauya ita ce gajeriyar hanyar zama minista, amma duk da haka siyasa ba ta ƙyale shi ba. Ta bi shi har cikin kotu, ta zauna gabansa shekara da shekaru, wani lokaci da babbar riga, wani lokaci da kakin soja.

An haifi Muhammad Bello a birnin Katsina cikin 1930, zamanin Sarkin Katsina Muhammadu Dikko. Gidansu gidan malamai ne, domin mahaifinsa Malam Giɗaɗo shi ne Muftin Katsina, watau yaro ya buɗe ido ne ya tarar ana maganar shari'a a zauren gidansu. Ya yi karatun allo kamar kowane ɗan Musulmi, ya shiga elementare, daga nan ya wuce Midil ta Katsina.

Kafin mu bi shi zuwa Ingila, ya kamata mu tsaya mu dubi yadda sha'anin shari'a yake a Arewa a wancan lokaci, domin in ba a gane wannan ba, ba za a gane dalilin da ya sa aka tura shi ba. Turawa sun tarar da alƙalai da kotunan sarakuna, suka bar su ƙarƙashin En'e suna hukunci da fikihun Malikiyya, sai dai sun hana yanke hannu da jifa da makamantansu. A gefe guda kuma suka kafa nasu kotunan, na majistare da na joji, masu aiki da kundin laifuffuka na Turawa. Talakan Yawuri ko na Gwandu, in ya yi laifi ko ya yi rigimar gona, gaban alƙali ake kai shi, in abin ya yi girma a kai majalisar Sarki. Lauya kuwa doka ba ta yarda ya tsaya gaban alƙali ba sam. To, tun da kusan duk shari'ar da ta shafi mutanenmu a can ake yin ta, wa zai ɗauki ɗansa ya ce ya je ya koyi aikin da ba shi da kasuwa a garinsu? Ga shi kuma mutane na kallon lauya a matsayin wanda ake biya don ya mai da ƙarya gaskiya. Shi ya sa Kudu ta sami lauyanta na farko, Sapara Williams, tun 1879, amma Arewa ba ta samu ba sai 1955, lokacin da Abdulganiyu Abdulrazaƙ na Ilori ya gama karatunsa a Landan. Tazarar shekara 76 ke nan.

Abin da ya fara girgiza wannan tsari a nan ƙasarmu ta Kabi ya faru. Cikin 1947 wata shari'a ta taso daga kotun Sarkin Gwandu, wadda littattafan lauyoyi ke kira shari'ar Tsofo Gubba da En'e ta Gwandu. Mutumin ya kashe wani da ya kama da matarsa, kotun Sarki ta yanke masa hukuncin kisa bisa ƙa'idar ƙisasi, tun da kisan da gangan ne. Da aka ɗaukaka ƙara zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Afirka ta Yamma, sai jojin Turawa suka soke hukuncin, bisa hujjar cewa a kundinsu wanda aka tunzura ya yi kisa cikin zafin zuciya ba a kashe shi. Sarakuna da malamai suka ga an yi wa shari'a karan tsaye. Aka yi ta gyare-gyaren doka, aka kafa kwamitin bincike, amma matsalar ba ta kau ba: laifi ɗaya, hukunci biyu, rai ko mutuwa ya danganta da ƙofar kotun da aka shigar da mutum.

Sai kuma ga guguwar neman mulkin kai. 'Yan NEPU na kuka cewa ana amfani da kotunan alƙalai ana ɗaure su saboda siyasa. Ƙabilun da ba Musulmi ba na tsoron abin da zai same su in Bature ya tafi. Jam'iyyar Action Group ta Yamma kuwa cike take da lauyoyi, tun daga shugabanta Cif Obafemi Awolowo har zuwa irin su Rotimi Williams da Fani-Kayode, kuma sun san yadda za su ɗauki waɗannan koke-koke su kai gaban hukuma da Turancin doka. Shugabannin Arewa, waɗanda galibinsu malaman makaranta ne da ma'aikatan En'e, suka ga lalle in ba su yi nasu lauyoyin ba, kullum sai dai su yi aron bakin wani. Wannan ne ya sa Gwamnatin Arewa ta zaɓi 'yan samari ƙalilan ta ba su sukolashif na karatun lauya. Muhammad Bello na cikinsu, tare da ɗan garinsu Mamman Nasir. Aka fara tura su Kwalejin Jami'a ta Badun su koyi Latin, don a lokacin ana bukatarsa kafin a karɓi mutum karatun lauya a Ingila. Mai karatu ya auna da kansa: ɗan Mufti, wanda ya taso cikin Larabci, ga shi zaune yana haddar nahawun Rumawan da suka shuɗe.

A Landan ya shiga Lincoln's Inn, ɗaya daga cikin gidaje huɗu da ke yaye lauyoyi a Ingila. Wannan gida yana da tarihi da masu ja da mulkin Ingilishi. Daniel O'Connell, lauyan da ya jagoranci Katolikan ƙasar Ailan har suka sami 'yancin shiga majalisa a 1829, a nan ya yi wani ɓangare na karatunsa. Muhammad Ali Jinnah, wanda ya kafa Pakistan a 1947, shi ma nan ya fito. A Indiya Gandhi da Nehru duk lauyoyi ne. Watau a ƙasashe da yawa da Ingila ta mallaka, lauya shi ne ɗan siyasa, kotu kuma ita ce dandalin farko na gwagwarmaya. Da Muhammad Bello ya so bin wannan hanya, ƙofa a buɗe take. Abdulrazaƙ ya zama mai ba jam'iyyar NPC shawara kan doka, Mamman Nasir kuma ya zama Ministan Shari'a na Jihar Arewa a 1961 yana da shekara talatin da 'yan kai. Shi kuwa da ya dawo gida a 1956 sai ya kama aikin lauyan gwamnati a Kaduna, kuma daga ranar har ya yi ritaya bai fita daga aikin hukuma ba.

Shekarunsa na farko a ofis sun zo daidai da babban sauyin da aka yi wa shari'a a Arewa. Hukumar Willink, wadda ta binciki tsoron ƙananan ƙabilu, ta miƙa rahotonta a 1958. A wannan shekara Gwamnatin Sardauna ta gayyato wani kwamitin masana ƙarƙashin Babban Jojin Sudan, Sayyid Muhammad Abu Rannat, tare da wani joji daga Pakistan da Farfesa Anderson na Landan, da 'yan gida irin su Shettima Kashim da Peter Achimugu da Babban Alƙalin Bida. Shawararsu ita ce ta haifi kundin Final Kot, wanda aka tsara bisa na Sudan, shi kuma na Sudan ya samo asali daga na Indiya. Aka zartar da shi a 1959, shekarar da Arewa ta sami mulkin kanta, ya fara aiki ranar 30 ga Satumba 1960, ana gobe bikin 'yancin kai. Aka kafa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a don aure da gado da wakafi da makamantansu, aka riƙa kai alƙalai Makarantar Koyon Mulki ta Zariya ana koya musu sabon kundin. Ra'ayin malamai ya rabu a kan wannan al'amari, kuma har yau bai haɗu ba, kamar yadda muka gani a 2000 lokacin da jihohi da dama, har da tamu, suka dawo da hukuncin laifuffuka na Musulunci. Amma ko mutum ya yarda da sauyin ko bai yarda ba, dole a sami masu tafiyar da shi, mutanen da alƙali ba zai raina iliminsu na addini ba, Bature kuma ba zai raina Turancinsu ba. Irin su Muhammad Bello ba su fi a ƙirga da yatsun hannu ba.

Daga nan sai girma ya yi ta zuwa. Ya zama majistare a 1961, ya je ƙaro ilimi Jami'ar Harvard ta Amurka, a 1964 aka naɗa shi Daraktan Gurfanar da Masu Laifi na Jihar Arewa, a 1966 kuma ya zama jojin Babbar Kotu. A wannan shekara ce aka kashe Sardauna da Tafawa Ɓalewa, soja suka karɓi mulki. Abokansa da suka shiga siyasa kujerunsu suka tafi da jamhuriyar, shi kuwa tasa tana nan.

Dattawanmu ba za su manta da 1968 ba, shekarar da aka gama madatsar Kainji, ruwa ya cinye tsibirai da gonaki da garuruwan bakin Kwara, aka tashi mutum fiye da 40,000 aka sake musu matsuguni. To, a daidai wannan lokaci ne kuma gwamnatin soja ta raba kotuna da En'e. Aka soke kotunan sarakuna, kotunan alƙalai suka koma kotunan yanki ƙarƙashin kulawar Babban Joji. Watau a shekara guda mutumin Yawuri ya ga an canja masa gari, an kuma canja masa wanda alƙalinsa ke amsa wa. Nauyin duba waɗannan ɗaruruwan kotuna da sauraron ƙarar da aka ɗaukaka daga gare su ya faɗo kan 'yan jojin da ake da su a jihohin Arewa shida, kuma Muhammad Bello na sahun gaba a cikinsu.

Akwai wani darasi da duk jojin wancan zamani ya koya a 1970, ko da bai zauna shari'ar ba. Gwamnatin soja ta ƙwace dukiyar wani mutum mai suna Lakanmi a Jihar Yamma, ta kuma yi dokar da ta hana kotu duba lamarin. Kotun Ƙoli, ƙarƙashin Sir Adetokunbo Ademola, ta yi ƙarfin hali ta ce dokar ba ta halatta ba, don ta shiga hurumin kotu. Ba a yi wata guda ba gwamnatin Janar Gowon ta fito da Dokar Soja mai lamba 28 ta 1970, wadda ta rushe hukuncin, ta kuma bayyana cewa dokar soja tana gaba da tsarin mulki. Irin wannan karo tsakanin joji da gwamnatin 'yan ƙasa ba mu kaɗai muka gan shi ba. A Ailan, lauya George Gavan Duffy, wanda yana cikin mutum biyar da suka sa hannu a yarjejeniyar 1921 da ta raba ƙasar da mulkin Ingila, ya zama joji daga baya, kuma a 1939 ya ba da umarnin sakin wani da gwamnati ta tsare ba tare da shari'a ba. Gwamnati ta saki mutanen da ta tsare, sannan ta koma majalisa ta gyara dokar a 1940. A 1947 ya sake ƙin bin wata doka da aka yi musamman don kashe wata ƙara da ke gaban kotu, Kotun Ƙolinsu ta goyi bayansa, gwamnati ta haƙura. Bambancin shi ne can akwai majalisa da tsarin mulki da kowa ke jin kunyar takawa a fili. Nan kuwa mai yin doka shi ne mai riƙe da bindiga, kuma zai iya rubuta sabuwa kafin gari ya waye. A cikin irin wannan yanayi Muhammad Bello ya yi mafi yawan aikinsa.

A 1975, shekarar da Janar Murtala ya hau mulki ya yi wa ma'aikata da jojin ƙasa tankaɗe da rairaya, har Babban Joji Taslim Elias ya rasa kujerarsa, aka ɗaga Muhammad Bello zuwa Kotun Ƙoli a Legas. Shekara ashirin ya yi a wannan kotu.

Shari'ar farko da ta sa sunansa a bakin jama'a ita ce ta zaɓen 1979, wadda malamanmu da suka ga zamanin za su tuna da ita da sunan sha biyu da biyu bisa uku. Doka ta ce kafin mutum ya zama Shugaban Ƙasa sai ya fi kowa ƙuri'a, kuma ya sami aƙalla kashi ɗaya bisa huɗu na ƙuri'u a kashi biyu bisa uku na jihohi. Jihohi a lokacin 19 ne. Alhaji Shehu Shagari, ɗan jiharmu ta Sakkwato ta wancan lokaci, ya fi kowa ƙuri'a, ya kuma cika sharaɗin a jihohi 12, amma a Kano, inda Malam Aminu ya yi rinjaye, abin da ya samu bai kai kashi 20 cikin ɗari cif ba. Awolowo ya ce ba a gutsura jiha, saboda haka biyu bisa uku na 19 shi ne 13, sai a je zagaye na biyu. Lauyan NPN, Cif Richard Akinjide, ya ce a'a, lissafi ya ba da 12 da biyu bisa uku, don haka abin da ake bukata a Kano shi ne rubu'in kashi biyu bisa uku na ƙuri'unta, watau ɗaya bisa shida, kuma Shagari ya haura haka. Ranar 26 ga Satumba 1979, saura kwana biyar soja su miƙa mulki, jojin Kotun Ƙoli bakwai suka yanke hukunci. Shida, har da Muhammad Bello, suka tabbatar da zaɓen Shagari, Mai Shari'a Kayode Eso ya saɓa. Har gobe lauyoyi na gardama a kai. Ni dai a nawa ganin, laifin na waɗanda suka rubuta doka ne ba su lura cewa 19 ba ta rabuwa uku ba, suka bar wa joji aikin malamin lissafi ana saura kwana biyar.

Wadda ta fi wannan tasiri ga talaka, ko da yake ba ta yi amo kamarta ba, ita ce shari'ar Sanata Abraham Adesanya ta 1981. Shugaba Shagari ya naɗa Mai Shari'a Ovie-Whiskey shugaban hukumar zaɓe ta FEDECO, Adesanya ya yi adawa a Majalisar Dattawa aka rinjaye shi, sai ya garzaya kotu. Kotun Ƙoli ta ce ba shi da hurumin kai wannan ƙara. A cikin jojin da suka yi bayani, fassarar Muhammad Bello ce ta zama abin dogaro daga baya: ya karanta sashe na 6 na tsarin mulkin 1979 da ma'anar cewa kotu ba ta sauraron mutum sai in haƙƙinsa na kansa ne aka taɓa ko ake shirin taɓawa. Niyyar a fili take, kada ɗan siyasar da ya sha kaye a majalisa ya mai da kotu majalisa ta biyu. Amma abin da ya biyo baya bai yi kyau ba. Shekara da shekaru lauyoyin gwamnati suka riƙe wannan hukunci kamar garkuwa. Duk wanda ya kai ƙara kan dukiyar jama'a ko keta tsarin mulki, tambayar farko ita ce mene ne naka a ciki, kuma sau da yawa a nan ƙarar ke mutuwa ba a ko taɓa gundarin maganar ba. Abin da ke na kowa ya zama ba mai ikon tsaya masa. A nan, da dukkan girmamawa ga marigayin, ina ganin taka-tsantsan ɗinsa ya yi yawa. Sai a 2009 aka yi sababbin ƙa'idojin kare haƙƙin ɗan Adam da suka hana korar ƙararrakin haƙƙin ɗan Adam saboda rashin hurumi.

Soja suka dawo a ƙarshen 1983. Gwamnatin Janar Buhari ta kafa kotunan soja na musamman ƙarƙashin Doka mai lamba 3 ta 1984 don hukunta 'yan siyasa, inda mafi ƙarancin ɗauri shi ne shekara 21, kuma ba ɗaukaka ƙara zuwa kotunan ƙasa. Ƙungiyar Lauyoyi ta ƙaurace musu. Aka ɗaure tsofaffin gwamnoni da kwamishinoni, wasu aka tara musu shekarun da ba mai rai da zai iya cinye su. Da Janar Babangida ya karɓi mulki a Agusta 1985, sai ya kafa kwamitoci biyu: na Mai Shari'a Uwaifo don waɗanda ke tsare ba a yi musu shari'a ba, irin su Shagari da mataimakinsa Ekwueme, da na Mai Shari'a Muhammad Bello don sake duba waɗanda aka riga aka yanke wa hukunci. Sakamakon wannan aiki aka rage wa da yawa shekaru, aka sallami wasu. Aiki ne da ya dace da halinsa, na bin takarda ɗaya bayan ɗaya ana raba wanda ya ci amana da wanda guguwa kawai ta kwashe.

A 1987, da Mai Shari'a Ayo Irikefe ya yi ritaya, aka naɗa shi Babban Jojin Nijeriya. Kafin shekarar ta ƙare kotun ta yanke hukuncin da ya sassauta tsaurin na Adesanya ta wani ɓangare. An kashe ɗan jarida Dele Giwa da bam cikin wasiƙa ranar 19 ga Oktoba 1986, lauyansa Gani Fawehinmi ya nemi ya gurfanar da manyan jami'an tsaro biyu da kansa, kotunan ƙasa suka ce ba ruwansa. Kotun Ƙoli ta ce a sha'anin laifi kowane ɗan ƙasa yana da hurumi, tun da kowa mai tsaron ɗan uwansa ne. Ba a kai ga hukunta kowa kan kisan ba har yau, amma a ce kotu ta buɗe wannan ƙofa alhali soja na kan mulki, ba ƙaramin abu ba ne. A zamaninsa ne kuma aka kafa Cibiyar Horar da Alƙalai ta Ƙasa a 1991, shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Kebbi. Harabar cibiyar a Abuja sunansa take ɗauke da shi, kuma duk alƙali ko majistare ko ƙadi na jiharmu da aka tura kwas can, cikin aikin marigayin ya shiga.

Shekarunsa uku na ƙarshe su ne mafi ɗaci. Rikicin zaɓen 12 ga Yuni 1993 ya zubar da mutuncin kotuna ƙwarai. Wata jojiya a Abuja ta ba da umarni da dare, kwana biyu kafin zaɓe, cewa kada a yi shi. Bayan zaɓe kotuna a garuruwa daban-daban suka riƙa ba da umarni masu karo da juna, wannan ta ce a faɗi sakamako, waccan ta ce kada a faɗa, har gwamnati ta kafa hujja da wannan ruɗani ta soke zaɓen. Janar Abacha ya karɓi mulki a Nuwamba, aka ci gaba da fito da dokokin da ke ɗaure hannun kotu. Ana cikin haka wata jarida ta kamfanin Concord, mallakar Cif Abiola, ta buga labarin cewa gwamnatin Babangida ta ba jojin Kotun Ƙoli motocin Marsandi. Babban Joji da yawancin abokan aikinsa suka kai kamfanin ƙara kan ɓata suna. To, sai ga shi an kama Abiola a Yuni 1994 bayan ya ayyana kansa Shugaban Ƙasa, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ba da belinsa, gwamnati ta ƙi saki ta wuce Kotun Ƙoli. Lauyansa ya ce jojin da ke shari'a da kamfanin mutum ba za su zauna kan maganar 'yancinsa ba. A 1995 kotun, Muhammad Bello na shugabanta, ta amince da wannan hujja, jojin da abin ya shafa suka janye.

Ta fuskar doka babu abin da za a ce, domin ko a zauren mai unguwa ba a barin abokin rigimar mutum ya yanke masa hukunci. Sai dai jojin da suka rage ba su kai adadin da za su zauna ba, Abacha kuwa ya ƙi naɗa sababbi. Ƙarar ta kwanta, Abiola ya ci gaba da zama a tsare har ya rasu ranar 7 ga Yuli 1998. Masu suka na cewa tun farko bai kamata jojin ƙoli su sauko su yi shari'a da jarida ba, kuma maganarsu tana da ƙamshin gaskiya. Masu kare shi na cewa ya bi ƙa'ida, wanda ya ƙi cike gurbi shi ke da alhaki. Duk mu da ke aikin gwamnati mun san irin wannan, inda za ka bi fayil daidai da doka, ba wanda zai kama ka da laifi, amma wanda ke jiran sa hannun ya tsufa a bakin ƙofa. A Nuwamba ta wannan shekara ta 1995 aka rataye Ken Saro-Wiwa da mutum takwas bisa hukuncin wata kotu ta musamman, wadda doka ba ta bar hanyar ɗaukaka ƙara daga gare ta zuwa Kotun Ƙoli ba. Babban Jojin ƙasa yana kan kujera, amma shari'ar da duniya duka ke kallo ba ta isa gabansa ba.

A watan Disamba 1995 ya cika shekara 65 ya yi ritaya, Mai Shari'a Muhammadu Lawal Uwais na Zariya ya gaje shi. Daga hawansa a 1987 har zuwa 2016, mutum takwas ne suka riƙe kujerar a jere, kuma dukkansu daga Arewa suka fito, cikinsu har da mace ta farko, Mai Shari'a Aloma Mukhtar. Wannan a yankin da a farkon 1955 ba shi da lauya ko ɗaya. Abokin tafiyarsa Mamman Nasir, wanda ya bi ta siyasa, shi ma kotu ya dawo daga baya, ya shugabanci Kotun Ɗaukaka Ƙara daga 1978 zuwa 1992, ya kuma riƙe sarautar Galadiman Katsina.

Mai Shari'a Muhammad Bello ya rasu a watan Nuwamba 2004. Allah Ya jiƙansa, Ya gafarta masa kurakuransa, Ya sa Aljanna ce makomarsa, amin.